Inkiyar Don Chebo

Tun ana saura kwana uku a yi zaɓen 'yan wasa Doña Migdalia ta aro kujeru arba'in daga coci, ta sa aka sauko mata da babbar tukunyar nan da ba ta ganin wuta sai lokacin Kirsimeti. Ɗanta Neftalí, wanda duk garin Guayama ke kira Tali, ya roƙe ta ta dakata a ga yadda za ta kaya tukuna, amma roƙon Migdalia a kan abin da ta riga ta ƙudurta ɓata yawu ne. Ta ce manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka talatin ne, kowacce za ta ɗebi mutum ashirin, to a cikin mutum ɗari shida ina za a rasa wurin da za a sa ɗanta? Maganar ta yi wa kowa daɗi, har shi Talin, ko da yake ya ɓata fuska don kada a gane.

In za a faɗi gaskiya, ba ta yi wauta ba. Shekara huɗu Tali yana tsugune a bayan masu dukan ƙwallo da sanda yana cafe wa ƙungiyar jami'ar garin ƙwallo. Sau biyu a jere suka ɗauko kofi, kuma a bana shi aka ba kyautar gwarzon gasar jami'o'in Puerto Rico baki ɗaya. Waɗanda ba su san wasa ba suna ɗauka aikin mai cafewa bai wuce ya tsuguna ya buɗe safar hannu ba, kuma irin waɗannan sai dai a yi musu uzuri. Mai cafewa ne ke karanta mai duka, ya ga inda ya kafa ƙafa, ya tuna abin da ya ruɗe shi ɗazu, sannan ya saukar da yatsu tsakanin cinyoyinsa ya gaya wa mai jifa irin ƙwallon da zai sako: yatsa ɗaya mai gudu, biyu mai lanƙwasa, uku mai yaudara. Sai dai a ƙungiyoyin jami'a ba kasafai ake ba yaro wannan amanar ba. Koci ne ke zaɓa daga benci, ya yi inkiya da hannu, mai cafewa ya waiwaya ya gani ya isar wa mai jifa.

Kocin su Tali kuwa Don Chebo Marrero ne, tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a kan wannan bencin har katakon ya ɗauki siffarsa. Shi ne uban baftismar Tali, shi ya fara ɗaura masa garkuwar ƙirji yana ɗan shekara tara, bayan rasuwar mahaifinsa. Har yau Tali ba ya wuce shi bai ce, "A sa min albarka, Padrino," ba, tsohon kuma ya amsa da "Allah ya yi maka albarka" ko da yana tsakiyar yi wa wani faɗa ne.

Abin da Migdalia ba ta sani ba, abin da babu wanda ya sani a garin, shi ne shekara biyu ke nan Tali bai bi inkiyar Don Chebo ko sau ɗaya ba. Ba raini ne ya kawo haka ba. A farkon shekararsa ta uku, a wani wasa da aka yi da rana tsaka, ya waiwaya benci kamar kullum sai ya ga tsohon ya taɓa hanci sau biyu, ya ja kunne. A tsarinsu babu hanci, babu kunne. Da hula ake yi, da ɗamara, da gwiwar hannu. Ya sake dubawa, tsohon ya dafa ƙirji. Mai duka yana jira, alƙalin wasa ya fara gyaran murya, sai Tali ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya saukar da yatsu biyu da ra'ayin kansa. Mai dukan ya kai wa iska bugu ya koma wurin zama yana zagin sandarsa.

Daga ranar ya sa wa tsohon ido. Ya ga yana laluben ƙofar ɗakin kaya, ya ga ba ya gane ɗan wasa sai ɗan wasan ya yi magana, ya ga ya ajiye motarsa da sunan wai ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Tali ya haɗa ɗaya da biyu ya yanke cewa idon ubangidansa ya tafi, kuma tun da har inkiya ta rikice masa, to tunanin ma ya kama hanya. Ya kuma san shugaban wasannin jami'ar ya daɗe yana neman dalilin da zai sallami tsohon ya kawo matashi mai kwamfuta. Don Chebo kuwa matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can Orlando a Amurka, ba shi da kowa a gidan sai rediyo. Tali ya ji tsoron abin da zai faru da mutumin ranar da aka raba shi da filin nan, don haka ya yi shiru. Kafin kowace jifa zai waiwaya benci da ladabi, ya jira tsohon ya motsa ya gyaɗa masa kai, shi ma ya gyaɗa, sannan ya yi abin da ya ga ya dace.

Abin dariyar shi ne daga nan ne suka fara cin wasa babu ƙaƙƙautawa. Sauran jami'o'i suka tashi haiƙan sai sun karya inkiyar Don Chebo. Wasu har mutum suke ajiyewa a cikin 'yan kallo da tabaran hangen nesa da littafi. Wani koci ya shiga rediyo ya rantse cewa tun da yake bai taɓa ganin dilan tsoho mai wuyar inkiya irin wannan ba. Tali ya ji hirar a mota, ya yi dariya har ya kusa hawa gefen titi, bayan nan kuma tausayi ya kama shi.

Ana saura mako ɗaya zaɓe, Heriberto Lugo ya kira shi shagon burodin da ke bakin dandali. Lugo mai farautar 'yan wasa ne, yana yi wa ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin aiki, mutum ne mai faffaɗar malafa da agogon awo a wuya, ga turare mai isa wuri kafin mai shi. Ya yi masa tambayoyi kan gwiwa da kafaɗa da karatu, sannan ya ajiye biro ya dube shi.

"Wa ke zaɓar jifa a wasanninku, kai ko tsohon?"

Tali ya san amsar da za ta taimake shi. Ya kuma san Lugo da shugaban wasanni suna buga domino tare duk Lahadi, kuma maganar da aka yi a wannan shagon takan zaga Guayama kafin burodin ya huce.

"Don Chebo ne," in ji shi.

"Duka? Har wasan ƙarshe?"

"Duka."

Lugo ya ɗauki biro ya rubuta wani gajeren abu, ya biya kuɗin gahawa, ya yi masa fatan alheri. Tali ya fito yana lallashin kansa cewa ai suna da ido, sun ga hannunsa, sun ga dukansa, layi ɗaya a littafi ba zai rushe aikin shekara huɗu ba.

Ranar ƙarshe ta zaɓe gidan Migdalia ya cika tun hantsi. Shinkafa da wake sun nuna, an soya agada tuli guda, an kafa lasifika a baranda, an ɗora waya a kan tire a tsakiyar tebur kamar ita ce babbar baƙuwa. Don Chebo ya zo cikin farar riga an goge ta ƙal, aka ba shi kujera mai hannu a inuwar mangwaro. A zagaye na goma sha ɗaya aka kira sunan Yeriel Santana, mai jifan ƙungiyarsu, wanda Tali ya yi shekara uku yana lallaɓawa kamar mai rainon ɗan akuya. Unguwa ta ɗauka, motoci suka yi ta hon, mata suka yi ta buga murafen tukwane. Yeriel ya bugo waya yana kuka yana cewa saura kai, ɗan'uwa, saura kai. Tali ya taya shi murna da zuciya ɗaya, sannan ya koma ya zura wa tiren ido.

Zagaye na sha biyar ya wuce, na sha takwas ya wuce. Masu hira suka rage murya, wani ya kashe lasifika ba tare da an sa shi ba. Wajen ƙarfe biyar na yamma aka karanta suna na ƙarshe, na wani yaro daga wata jihar da babu wanda ya iya faɗin sunanta a gidan. Tali ya ji kunya ta lulluɓe shi, kunyar kujeru arba'in da mutanen da ke kansu, fiye ma da baƙin cikin kansa.

Migdalia ce ta fara motsi. Ta ɗaure gyalen girki ta ce ita dai ba za ta ci shinkafar mutum arba'in ita kaɗai ba, duk wanda ya tashi bai cinye rabonsa ba kada ya ƙara gaishe ta. Aka yi dariya, aka kunna kiɗa, aka ci aka sha, har wasu suka manta abin da ya tara su. Amma da ta zo wucewa ta bayan Tali da tire, sai ta sunkuya ta gaya masa a kunne cewa gobe da safe za su je su ga mai turaren nan, shi da ita da ubangidansa.

Washegari suka sami Lugo a teburinsa na kullum yana tsoma burodi a gahawa. Da ya hango Migdalia a gaba, Tali a tsakiya yana riƙe da gwiwar hannun tsoho, sai ya ajiye burodin ya miƙe, don mutum ne mai sanin lokacin da ruwa ya ƙare masa. Migdalia ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce ta zo ne a gaya mata, da bakin da za ta gane, abin da ya hana a ɗauki gwarzon gasa alhali an ɗauki yaron da gwarzon ke goge wa hanci.

Lugo bai yi mata ƙarya ba, wannan kam a ba shi. Ya buɗe littafinsa ya ce Tali ya cika ashirin da biyu, kuma a wurin ƙungiyoyi wannan tsufa ne, don sun fi son ɗan sha takwas da za su lanƙwasa yadda suke so. Ya ce gajere ne, gudunsa kuma in ana sauri gara a aiki wani. Jifarsa zuwa tasha ta biyu, cikin tashoshin da mai duka ke zagayawa da gudu, daƙiƙa biyu cif, ba laifi, amma akwai yara hamsin masu yin ƙasa da haka. Dukan da ya yi kuwa a ƙaramar gasa ya yi shi, kuma manya a ofis ba sa yarda da ƙaramar gasa. Migdalia tana ji tana huci, ta ce a taƙaice dai ɗanta tsoho ne gurgu.

"Ba haka na ce ba, Doña. Mai cafewa irinsa abu ɗaya yake sayarwa, kai. In yana da kai, duk sauran a yafe masa. Ni kuma na kalli wasa biyar, ban ga ya saukar da yatsa ko sau ɗaya bai waiwaya benci ba. Na tambaye shi, ya ce min kan na wani ne. To me zan rubuta?"

Tali ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Lugo kuwa, da yake yana so ya sassauta zancen, sai ya juya ga Don Chebo ya shiga yabo. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, babu inkiyar da ta gagare shi sai ta Don Chebo. Ya buɗe shafukan baya ya nuna musu, layi bayan layi, duk motsin da tsohon ya yi a wasa biyar. Ya ce tun da komai ya wuce, don girman Allah a fitar da shi daga duhu: a wasan ƙarshe, zagaye na tara na rufe wasa, tashoshi a cike da 'yan hamayya, Don Chebo ya taɓa hanci sau biyu ya ja kunnen dama, sai aka sako mai yaudara aka ci kofi. Me wannan ke nufi?

"Gahawa da madara, da alkapuriya ɗaya," in ji Migdalia, ba tare da ta ko yi tunani ba.

Lugo da Tali suka juyo suna kallonta. Ta ce me ake kallonta, ai kowa ya san rumfarta tana daidai bayan ragar da ke bayan mai cafewa, inda take soya alkapuriya, irin ƙosan agadan nan mai nama a ciki, tana dafa gahawa duk ranar wasa. Shekara biyu da suka wuce Don Chebo ya ce ya gaji da aike, suka shirya a tsakaninsu: hanci sau ɗaya baƙar gahawa, sau biyu da madara, kunne alkapuriya.

Lugo ya duba littafi, muryarsa ta yi ƙasa. "Dafa ƙirji fa?"

"Ƙwannafi ya taso, a kawo ruwan soda."

"Cire hula a mayar?"

"Ta huce, a sake wata."

"Shafa wuya sau uku?"

Nan Migdalia ta ce wannan ba nata ba ne. Don Chebo ya yi gyaran murya ya ce sauro ne.

Mai shagon, wanda ya daɗe yana goge teburin da ke kusa da su alhali babu komai a kansa, shi ya fara fashewa da dariya. Lugo ya bi, ya kifa kai a kan littafin da ya ɓata wasa biyar yana cikawa, kafaɗunsa suna rawa. Migdalia ma ta dara, duk da ba ta gama gane abin da ake wa dariyar ba. Tali ne kaɗai bai yi ba. Yana kallon ubangidansa, yana jin shekara biyu suna juyawa a kansa.

"Padrino, na ɗauka rikicewa ka yi," ya ce a hankali. "Na ɗauka ka manta tsarin."

"Ni na rikice? Uban wa ya rubuta tsarin?" Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa. "Na daina ba ka inkiya ne don ka fi ni gani. Tun jifar farko na ji a kunnena ka kama hanya, to me zan ƙara maka?"

"To me ya sa ba ka gaya min ba? Kullum fa sai na waiwayo."

Fushin ya sauka daga fuskar Don Chebo.

"Na ɗauka albarka kake nema," in ji shi. "Shi ya sa nake gyaɗa maka kai."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Migdalia ta zauna a kujerar da ta ƙi zama a kai tun shigowarta. Lugo ya goge ido ya ce labarin ya yi daɗi, amma shi zai rubuta wa mutanen da ba su san Don Chebo ba, kuma tambayar farko da za su yi ita ce me zai sa koci mai shekara talatin ya sakar wa ɗalibi wasa ya koma odar gahawa. Tali ya gane inda zancen ya dosa, ya yi sauri ya ce ai gwaji ne kawai, dabarar horarwa ce. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Rufe min baki, Neftalí, ka yi ƙaryar da ta ishe ka. Lugo, ba na gani. Daga benci ba na ganin mai jifa, ba na ganin allo, yaron nan ma inuwarsa kawai nake gani in ta juyo. Kai kanka yanzu ba fuskarka nake gani ba, turarenka ne ya gaya min kai ne. Rubuta haka, ka sa sunana a ƙasa."

Lugo ya rubuta. Ya ce zaɓe dai ya rufe, babu mai buɗe shi, amma ƙungiyoyi sukan ɗauki ɗaya ko biyu daga waɗanda aka bari in an kawo hujja. Ranar Asabar zai zo da masu jifa uku daga garin Ponce waɗanda Tali bai taɓa cafe musu ba, da masu duka na gaske, da na'urar ɗaukar hoto. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ga wata inkiya daga ko'ina. Da suka tashi tafiya Migdalia ta ce masa in ya gama da littafin nan ya ba ta, za ta rataye a rumfa a matsayin jerin abinci.

Labarin ya riga su isa gida. Kafin yamma an kai shi rediyo, kuma an ce kocin nan da ya yi rantsuwa ya kashe wayarsa. Ran Juma'a Don Chebo ya sake sa farar rigarsa, ya sa Tali ya kai shi jami'a, ya shiga ofis shi kaɗai ya ajiye aiki kafin a nemi ya ajiye. Tali ya jira a mota ransa a jagule. Da tsohon ya dawo sai ya kasa daurewa, ya ce shekara biyu yana ɓoye abin nan, ya rasa zaɓe a kansa, ga shi kuma a ƙarshe aikin ya tafi, to me aka yi ke nan? Don Chebo ya ce an yi kofi biyu da gahawa wajen ɗari huɗu, kuma shi bai san kocin da ya more shekarunsa na ƙarshe kamarsa ba. Sannan ya laluba ya dafa gwiwar Tali, ya ce abin da ya yi masa ya gani, ko da ba da ido ba, amma kada ya ƙara yi wa kowa irinsa.

Ran Asabar da safe filin ya cika kamar ana wasan ƙarshe, don babu wanda ke son a ba shi labari. Migdalia ta buɗe rumfa, kuma duk wanda ya zo saye sai ya taɓa hanci ya ja kunne, ita kuma ta ce duk wanda ya ƙara yi mata haka zai sha gahawarsa da gishiri. Yeriel ya zo da sabuwar hular ƙungiyarsa ya zauna a gaba yana cika baki. Lugo ya kafa na'urarsa, ya duba benci ya ce gara a ce babu kowa a kai, don kada manya su sami abin faɗa.

Don Chebo ya ce shekara talatin da ɗaya ba a taɓa tayar da shi daga wurin nan ba, kuma ba mai turare ne zai fara ba. Ya sa aka kawo masa ɗaya daga cikin kujerun cocin da Migdalia ba ta mayar ba tukuna, aka ajiye a gaban benci, ya juya ta da kansa ta ba fili baya, ya zauna yana fuskantar bango. Ya ce in an ga inkiya a ƙeyarsa a rubuta.

Tali ya ɗaura kayansa, ya je ya yi magana da mai jifan farko, wani dogo da ke ta share tafin hannu a wando. Ya tambaye shi wace jifa ya fi yarda da ita in ya tsorata, ya ce masa da ita za su fara. Ya dawo ya tsuguna. Mai duka ya shigo, ya kafa ƙafar baya nesa da layi, ya riƙe sanda can ƙasa, Tali ya karance shi tas. Amma wuya ya saba da abin da ya saba. Kafin ya ankara kansa ya juya hagu, wajen benci.

Ba abin da ya gani sai ƙeyar tsoho, furfura ƙarƙashin hula, da kafaɗun da suka rame a cikin farar riga. Babu mai gyaɗa masa kai. Ya gane cewa daga yau duk filin da zai tsuguna a ciki haka zai kasance. Ya gyara garkuwar fuska, ya saukar da yatsa ɗaya.

Ƙwallo ta faɗa safar hannu da ƙara. Daga wajen bango aka ji muryar tsohon yana cewa mai gudu ce, ta ciki. Ta biyu ya ce mai lanƙwasa, kuma da shi ne da bai yi gangancin nan ba. Ta uku mai dukan ya kai wa iska bugu har ya durƙusa, Don Chebo ya ce to, ashe gangancin ya biya. Haka aka yi ta yi har masu jifa uku suka ƙare, tsoho yana faɗa wa bango sunan kowace jifa daga ƙararta, 'yan kallo suna shewa, Tali bai ƙara waiwayawa ba. Cikin masu duka goma sha biyu, biyu ne kawai suka kai tashar farko, ɗayan ma ya yi ƙoƙarin satar gudu zuwa ta biyu ya tarar ƙwallo tana jiransa.

Lugo ya rufe na'ura, ya koma gefe ya yi waya mai tsawo yana safa da marwa. Da ya dawo ya ce ba zai ruɗe su ba, ƙaramin kwantiragi ne, daga can ƙasa za a fara, kuma babu wanda ya yi alkawarin komai bayan bana. Sannan ya tambayi Tali ko yana da jakar tafiya, don ana son ganinsa a Florida ran Litinin. Migdalia ta amsa daga rumfa cewa jakar tana haɗe tun makon jiya.

Mutane suka yi ca a kan Tali, amma ya zame ya nufi benci da kayansa a jiki. Tsohon yana nan yadda yake, fuska ga bango, kuma da Tali ya zagayo gabansa ya ga dalilin da ya sa bai juyo ba, don kumatunsa a jiƙe suke. Tali ya cire garkuwar fuska ya durƙusa.

"A sa min albarka, Padrino."

"Sai yanzu ka iya tambaya da baki a filin wasa," in ji Don Chebo. Ya laluba ya ɗora hannu a kan gashinsa da ya jiƙe da gumi. "Allah ya yi maka albarka. Na ba ka ta shekara goma a dunƙule, kada ka je can kana waiwaye."

Ya janye hannun ya share fuska, ya ɗaga shi sama yadda za a hango daga rumfa, ya taɓa hanci sau biyu. Migdalia ta riga ta zuba, tana tafe da kofin a hannu.